Tambayi Injiniya: Alƙiblar Ruwa a Na'urar Musayar Zafi

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan na'urar musayar zafi, wato duk wani abu da ruwa iri biyu ke bi ta cikinsa, ko mai da ruwa, ko ruwa da iska, akwai bangon ƙarfe a tsakani, zafi yana ƙetarawa amma ba su gauraya ba. Lagireton mota yana ciki, haka akwatin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, da injin dafa madara. Duk digirin da muka ambata na ma'aunin Salshiyas ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. A ɗakin gwaji mun haɗa bututu cikin bututu, ruwan zafi a na ciki, na sanyi a na waje. Da malaminmu ya sa muka juya tiyo biyu na ruwan sanyi, sai ma'aunan suka canza, alhali bututun bai canza ba, yawan ruwan ma haka. Daga ina ƙarin ya fito? — Ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Zafi yana ƙetara bango ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin ruwan biyu a daidai wurin da suke maƙwabtaka. Inda tazarar ta yi faɗi, ƙarfen yana aiki sosai. Inda ta ƙuntata, ƙarfen yana nan amma kusan zaman banza yake. Juya tiyo yana canza yadda tazarar nan ta rarrabu a tsawon bututun.

Ɗauki ruwan zafi mai digiri 90 da na sanyi mai 30, yawansu ɗaya. Idan suka shiga ta baki ɗaya suka tafi tare, a bakin shiga tazarar 60 ce, zafi na ƙetarawa da ƙarfi. Suna tafe wannan na hucewa wancan na ɗumama, tazarar na raguwa, dukansu suna dosar 60. Ko ka ja bututun daga Katsina har Daura, na sanyin ba zai wuce 60 ba, na zafin ba zai sauka ƙasa da haka ba. Iyakar tafiya tare ita ce zafin da za ka samu da a ce ka surka su a bokiti ɗaya kamar ruwan wanka da hunturu.

A gudun gaba-da-gaba kuwa, ruwan sanyi yana shiga ne ta inda na zafi ke fita. Sabon ruwa mai 30 yana haɗuwa da wanda ya riga ya huce, ya ƙara zare masa zafi, kuma kafin ya fita sai ya gamu da mafi zafi, mai 90. Saboda haka tazarar ba ta mutuwa a ko'ina. Idan bututun ya isa tsawo, na zafin zai iya fita a 40, na sanyin a 80, tazarar 10 tun daga farko har ƙarshe. Ka lura, ruwan da aka ɗumama ya fita da zafin da ya fi wanda na zafin ya fita da shi. Tafiya tare ba ta taɓa yin haka, kuma wannan ce hanya mafi sauƙi ta gane yadda aka haɗa na'ura ba tare da an kwance ta ba.

Ga lissafin da zai zo muku a jarrabawa. A ce ana son na zafi ya sauka daga 90 zuwa 60, na sanyi ya hau daga 30 zuwa 50. A tafiya tare, tazarar baki ɗaya 60 ce, ta ɗaya bakin 10. A gaba-da-gaba, 40 da 30. Wanda ya haɗa ya raba biyu zai samu 35 a kowanne, ya ce ai duk ɗaya ne. Nan ɗalibai ke faɗawa. Tazarar ba a miƙe take raguwa ba, da sauri take faɗuwa da farko sannan ta riƙa jan ƙafa, shi ya sa ake amfani da matsakaicin logaridim, wanda littattafanku ke taƙaitawa da LMTD: ka cire ƙaramar tazara daga babba, ka raba da logaridim na asali na babbar bisa ƙaramar. Tafiya tare: 50 a raba da 1.792, ya ba da 27.9. Gaba-da-gaba: 10 a raba da 0.288, ya ba da kusan 34.8. Ma'ana, don yin aiki iri ɗaya, tafiya tare tana buƙatar ƙarin ƙarfe na kusan kashi 25 cikin 100. Idan tazarar bakin biyu ta zo daidai da juna, lissafin zai ba ka sifili bisa sifili. Kada ka rikice, tazarar da kanta ita ce amsa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da ƙaramin injin matsar man gyaɗa. Man yana fitowa da zafi kusan 90, ina so ya sauka zuwa 45 kafin a zuba a jarkoki. Muna samun kilo 500 a awa. Mai walda ya ce zai yi mini bututu cikin bututu. Tsawon nawa zan ce ya yi, kuma ruwa nawa zai ci? — Mai masana'anta daga Daura

Amsa: Alhaji, Allah ya sa wa sana'a albarka. Mu fara da zafin da za a cire. Kilo ɗaya na man gyaɗa yana sakin kusan kilojul 2 a kowane digiri da ya sauka. Kilo 500 sau 2 sau 45 ya ba da kilojul 45,000 a awa, wato kilowat 12.5. Ruwa kuwa yana ɗaukar kilojul 4.18 a kowane digiri. Idan ruwan burtsatsenka ya shiga a 30 ya fita a 40, kana buƙatar kusan lita 1,080 a awa, lita 18 ke nan a minti.

A gaba-da-gaba tazarar bakin biyu 50 ce da 15, matsakaicinta 29.1. A tafiya tare 60 ce da 5, matsakaicinta 22.1. Mai abu ne mai kauri, yana tafiya lumui a bututu ba ya motsuwa, don haka ba ya sakin zafi da sauri. Idan muka ɗauka wat 100 ke ƙetara kowane murabba'in mita a kowane digiri, gaba-da-gaba na buƙatar murabba'in mita 4.3, tafiya tare 5.7. Da bututu mai faɗin milimita 25, hakan ya kama kimanin mita 55 da mita 72. Bambancin kusan sanduna 3 ne masu mita 6, kuma abin da ya jawo shi kawai bakin da aka sa tiyon ruwa. Wat 100 ɗin ƙiyasi ne, saboda haka a ƙera abin gaɓa-gaɓa yadda za a iya ƙara sanda ɗaya ko biyu bayan gwaji.

Ka gaya wa mai waldar ya jera sandunan a bango, ɗaya bisa ɗaya, a haɗa su da gwiwa. Mai ya shiga ta sama a bututun ciki, ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama. Hakan ya ba ka gaba-da-gaba, ya kuma kori iska, domin ruwan da aka zubo daga sama yana gangarewa ne ta gindin bututu ya bar samansa a bushe. Bawul ɗin rage ruwa a sa shi a bakin fita, don bututun ya zauna cike. Bututun ciki ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. A guji jan ƙarfe ko da yana da kyau wajen ɗaukar zafi, saboda yana sa man girki saurin lalacewa da sauya ɗanɗano. Kada kuma a like bututun ciki da na waje da walda a baki biyu: sanda mai mita 6 tana ƙara tsawon kusan milimita 5 idan zafinta ya ƙaru da digiri 50, na wajen kuwa yana cikin sanyi bai motsa ba, sai waldar ta tsage ruwa ya shiga mai. Baki ɗaya a bar shi da roba mai matsewa yadda bututun zai iya zamewa.

Abin da ya fi kashe irin wannan aikin shi ne mayar da ruwan cikin tankin da aka ɗebo shi. Kilowat 12.5 yana ɗaga zafin lita 5,000 da fiye da digiri 2 a kowace awa. Bayan awa 8 ruwan ya kai 47, kuma ruwa mai 47 ba zai saukar da mai zuwa 45 ba, ko ta wace fuska ya bi. Ko dai a tura ruwan da ya fita zuwa wanke-wanke da ban-ruwan lambu, ko a yi masa wurin hucewa a inuwa.

Tambaya: Injiniya, janaretan wurin aikinmu yana ɗaukar zafi da rana tun shigowar bazara. Na auna tiyon sama na lagireto na samu 95, na ƙasa 88. Makaniki ya ce ruwan gudu yake da yawa, ba ya tsayawa ya huce, a rage masa hanya. Wani kuma ya ce a cire tamostat. Wa zan bi? — Mai kula da janareta, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Malam, kada ka bi ko ɗaya, kuma mun yaba da ka fara da awo. Lagireto nau'i na uku ne, gudun giciye: ruwa na bin siraran bututu, iska na ratsa su ta gefe. An zaɓi haka ne saboda iska ba ta da nauyi kuma ba ta ɗaukar zafi da yawa. A ce injinka yana zuba kilowat 50 a ruwa. Ruwan lita 100 a minti zai kwashe shi da bambancin digiri 7 kacal. Iskar da za ta karɓe shi, idan zafinta ya ƙaru da 25, ta kai kilo 2 a daƙiƙa, kusan kubik mita 1.8. Ba fankar da za ta tura wannan ta dogon bututu, dole a ba ta fuska mai faɗi da gajeriyar hanya. Ingancin giciye yana tsakanin na sauran biyun.

Saboda haka bambancin digiri 7 da ka gani lafiya ce, alamar famfon ruwa na aiki. Abin da iska ke gani shi ne matsakaicin zafin lagireto. A ce ana buƙatar ya zauna a 85 don zafin ya fita. Da bambancin 7, ruwa zai shiga a 88.5 ya fita a 81.5. Ka rage gudun ruwa zuwa rabi, bambancin ya zama 14: tiyon ƙasa zai nuna 78, mai taɓawa ya ji daɗi, amma na sama ya hau 92, kuma shi ne zafin kan injin. An ƙara ciwo ana ganin an yi magani. Tamostat kuma, a injuna da yawa ita ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin idan ya yi zafi. Ka cire ta, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye bai je lagireto ba.

Tunda tiyo biyun duk sun hau tare, matsalar tana ɓangaren iska. Auna iskar da ke shiga lagireto, ka gwada da ta waje a inuwa. A watan Afrilu a Katsina ta waje kan kai 40 har ta wuce. Idan ta waje 42 ce amma ta ɗakin janareta 55, to iskar da fanka ta fitar ce ke dawowa. Tazarar ta sauka daga 43 zuwa 30, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin lagireto ya tafi. Maganinsa a yi bututun kwano ko tamfol daga fuskar lagireto zuwa taga ta waje, tagar ta fi fuskar girma da aƙalla kwata, a kuma buɗe wata tagar shigar iska a bayan janareta mai girman ɗaya da rabi na fuskar ko fiye.

Sai ƙurar hunturu da ta haɗu da tururin mai ta like tsakanin fikafikan lagireto. A kashe injin, a wanke da ruwan sabulu marar ƙarfin feshi, daga ɓangaren da iska ke fita zuwa inda take shiga, in ba haka ba an ƙara cusa dattin ciki. Duba bel, duba murfin da ya zagaye fanka, duba marfin lagireto, domin matsinsa na kusan ba 1 ("ba" ma'aunin matsi ne) shi ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen 120. Idan an taɓa kwance fanka, ka sani kifa ta ba ya juya alƙiblar iska, rage mata ƙarfi kawai yake yi. A daina kuma cika lagireto da ruwan burtsatse tsurarsa, yana barin farin ɓawo a ciki.

Tambaya: Ina sana'ar yogot da madarar leda. Injin dafa madarata mai faranti ne. Da can madarar da aka dafa tana fitowa daga sashen farko da sanyi-sanyinta, amma tunda yara suka kwance suka wanke, tana fitowa da ɗumi, man dizal ɗin tukunya kuma ya ƙaru. Me suka ɓata? — Hajiya daga Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari. Sashen da kike magana a kansa shi ne inda dafaffiyar madara ke ba ɗanya zafinta. Ana dafa madara a 72 na daƙiƙa 15. A ce ɗanyar ta shigo a 5. A injin da aka haɗa daidai, gaba-da-gaba, ana iya dawo da kashi 90 cikin 100 na zafin: ɗanyar ta hau zuwa 65 kafin ta ga ruwan tukunya, dafaffiyar ta sauka zuwa kusan 12 kafin ta ga ruwan ƙanƙara. Tukunya digiri 7 kawai za ta cika. Idan aka juya bututu biyu suka koma tafiya tare, duka biyun za su tsaya a wajen 38 ko 39, tukunya ta koma cika digiri 33, injin sanyi ma aikinsa ya ninka sau da yawa.

Ki sa a auna zafi a bakuna huɗu na sashen. Idan ma'aunin nan mai kama da bindiga ne, a manna baƙin salatif a bututun a auna a kansa, domin ƙarfe mai sheƙi yana yaudarar sa. In mafita biyu sun yi kusa da juna a tsakiya, bututun waje aka juya, gyaran minti kaɗan ne. In ba haka ba, sai a duba jerin farantan. Kowane faranti ana juya shi ne sama-ƙasa a kan na kusa da shi, yadda zanen da ke jikinsu zai giciye, kuma idan an jera daidai gefen tarin yana fitar da zane mai tsari kamar saƙar zuma. Inda zanen ya karye, nan aka yi kuskure. Akwai kuma faranti masu toshe rami waɗanda ke juya madara ta sake zagaye. Idan aka sauya musu wuri hanyar ta gajarce. Nan gaba, kafin a kwance, a ja layin fenti a karkace a gefen tarin, a rubuta lamba a kowane faranti, a kuma auna kaurin tarin don a mayar da shi yadda yake. Ɗaurin da ya wuce kima yana lanƙwasa faranti.

Wannan ba batun dizal kaɗai ba ne, Hajiya, lafiyar masu sha na ciki. Faranti ɗaya a baibai ko roba da ta goce na iya haɗa ɗanya da dafaffiya. Kada a sayar da abin da ya fito sai an tabbatar da jerin, kuma matsin ɓangaren dafaffiya ya kasance sama da na ɗanya, don ko da huda ta samu, mai tsabta ce za ta tsallaka.

Tambaya: A injin gumin shinkafarmu tururi ne ke ɗumama ruwan jiƙo ta cikin bututu. Shi ma sai an haɗa gaba-da-gaba? — Ma'aikaci a Katsina

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Tururi yana komawa ruwa ne a zafi ɗaya tun daga farkon bututu har ƙarshensa, kusan 120 idan agogon matsi na nuna ba 1. Tunda ɓangare ɗaya ba ya canzawa, lissafin tazara ɗaya yake fitowa ta kowace fuska. Abin kula shi ne tururi ya shiga ta sama, bututun ya gangara, ruwan da ya taru ya fita ta ƙasa ta tarkon tururi. Idan tarkon ya toshe, ƙasan bututun zai cika da ruwa ya huce, ka riƙa jin ƙara kamar ana dukan ƙarfe.

Tambaya: To idan gaba-da-gaba ya fi, me ya sa ake koyar da tafiya tare? Kuma babbar na'ura mai ganga da tarin bututu, wadda ruwa ke zuwa ya dawo, wane iri ce? — Ɗaliba a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, Daura

Amsa: Ƙanwarmu, iyakar da tafiya tare ke da ita wani lokaci kariya ce. Idan abin da ake ɗumamawa yana ƙonewa ko lalacewa in ya wuce wani zafi, tafiya tare ta hana shi kusantar zafin mashigar ɗaya ruwan, kuma zafin bangon ba ya bambanta sosai daga baki zuwa baki. Haka abu mai kauri kamar baƙin mai: babbar tazarar farko tana tsinka shi da wuri, famfo ya samu sauƙi. Farashinsa ƙarin ƙarfe, da wahalar da bakin shiga ke sha saboda mafi zafi da mafi sanyi sun haɗu a wuri ɗaya.

Mai ganga kuwa gauraye ce. Ruwan bututu a zuwansa yana gaba-da-gaba da na ganga, a dawowa suna tafiya tare, kuma shingayen cikin gangar suna sa nata ruwan ya riƙa ratsa bututun a giciye. Shi ya sa ake lissafa ta kamar gaba-da-gaba, sannan a ninka da wani adadi, F, da ake karantawa a jadawali, wanda ba ya wuce 1. Masu zane ba sa yarda ya sauka ƙasa da 0.75 zuwa 0.8. Yana faɗuwa da sauri da zarar an nemi mai sanyi ya fita ya fi mai zafi, domin a ɓangaren dawowa zafin na iya komawa baya. Idan aikin na buƙatar haka, sai a jera ganga biyu, ruwan sanyi ya fara shiga wadda mai zafi ke ƙarewa a cikinta.

Idan kin je horon masana'anta, ki kula da murfin gaba na irin wannan na'ura. Akwai bango a cikinsa da ya raba ruwan shiga da na fita. In gaskit ɗinsa ya ci, ruwa zai tsallaka kai-tsaye bai bi bututu ba. Alamarsa ruwan sanyaya ya fita kusan yadda ya shiga, bambancin matsi tsakanin bakin biyu ya ragu, man da ake sanyayawa a ganga kuma ya ƙi hucewa. Ɓawo ma yana hana mai hucewa, amma shi yana ƙuntata bututu ne, bambancin matsi ya ƙaru. Ki karanta agogon matsi biyun kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.